Ciwon Werther: Tarihin Labarin da Ke Jan Wani Zuwa Kabari

A farkon shekarar 1775 hukumomin birnin Laifzig, a ƙasar da ake kira Jamus yanzu, suka hana sayar da wani ɗan ƙaramin littafin ƙagaggen labari wanda aka buga a cikin birnin nasu ƴan watanni kafin nan. Malaman tauhidin Kirista na jami'ar garin ne suka kai ƙara, suna cewa littafin yana ƙawata wa matasa hallaka kansu. Sunan littafin in an mayar da shi Hausa shi ne Wahalhalun Saurayi Werther, marubucinsa kuwa Johann Wolfgang Goethe, wanda a lokacin shekarunsa 25 ne. Tambayar da waɗancan malamai suka tayar ba ta mutu ba har yau, ta ma biyo mu har cikin aljihunmu: shin labarin wanda ya kashe kansa yana iya zama sanadin mutuwar wani da ya ji labarin?

Labarin Werther ba shi da sarƙaƙiya. Saurayi ne mai ilimi da taushin zuciya, ya kamu da son wata budurwa mai suna Lotte wadda an riga an yi mata baiko da wani, kuma kusan duk littafin wasiƙu ne da yake aika wa amininsa, yana bayyana yadda duniya ke ƙara yi masa ƙunci har zuwa ranar da ya yanke wa kansa hukunci. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙarshen littafin yana da tushe a zahiri. A watan Oktoba na 1772 wani matashin ma'aikacin jakadanci, Karl Wilhelm Jerusalem, ya hallaka kansa a garin Wetzlar, inda Goethe ya zauna a wannan shekara. Abokin Goethe mai suna Kestner ya rubuto masa rahoton abin da ya faru dalla-dalla, shi kuwa ya ɗauki rahoton ya zuba shi kusan yadda yake a shafukan ƙarshe na littafinsa: sa'ar da abin ya auku, ɗakin, tufafin, har abin da aka tarar bisa tebur. Wato a daidai wurin da ya fi haɗari, marubucin adabi ya ari rigar ɗan jarida.

Littafin ya yaɗu kamar wutar daji. Aka fassara shi zuwa Faransanci da sauran harsunan Turai, samari suka shiga ɗinka shuɗiyar kwat da ƴar ciki ruwan ɗorawa irin ta Werther, kuma da Napoleyon ya gana da Goethe a Erfurt a 1808, kan wannan littafi suka tattauna. Tare da shaharar sai jita-jita ta biyo: ana tsintar gawarwakin matasa da littafin a kusa da su. A Kopanhagin ma an hana fitar da fassararsa. Goethe da kansa ya ƙara ƴan baituka a bugu na 1775 yana gargaɗin mai karatu kada ya bi sawun jarumin. Sai dai gaskiya ɗaya ce, masana tarihi da suka koma suka tona takardun zamanin sun tarar da ƴan misalai kaɗan ne za a iya tabbatarwa. An yi kwaikwayo, amma annobar da ake ta faɗa ta fi girma a bakin mutane bisa ga yadda take a takarda. Wannan bai wanke littafin ba. Ya dai nuna cewa a ƙarni na 18 babu wanda yake da ma'aunin da zai raba tsoro da hujja.

Ba Turawa kaɗai suka yi wannan fargaba ba. A Japan, wasan kwaikwayon Chikamatsu na 1703 kan wasu masoya biyu da suka mutu tare a Sonezaki ya haifi wasanni irinsa da yawa, har hukuma ta haramta irin waɗannan wasanni a 1723. Likitocin Faransa kuma sun daɗe suna ba da labarin tsofaffin sojoji 15 da suka hallaka kansu ɗaya bayan ɗaya a 1772 cikin wani lungu mai duhu na gidan da ake kula da su, abin kuma bai tsaya ba sai da aka cire abin da suke amfani da shi.

Muhawarar ilimi ta gaske ta tashi ne a Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, tsakanin mutum biyu da duk wanda ya yi ajin falsafa a lise ya ci karo da sunan aƙalla ɗayansu. Gabriel Tarde, alƙali ne daga Sarlat wanda daga baya ya shugabanci ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a, ya wallafa littafi kan dokokin kwaikwayo a 1890. A ganinsa al'umma kanta kwaikwayo ce: ado da magana da laifi duk suna tafiya daga mutum zuwa mutum, galibi daga na sama zuwa na ƙasa, jarida kuma ta zo ta ƙara wa tafiyar sauri. Émile Durkheim ya mayar masa da martani a littafinsa na 1897 kan hallaka kai, inda ya ware babi guda don rusa wannan ra'ayi. Abin mamaki, Tarde ɗin ne ya buɗe wa Durkheim taskar ma'aikatarsa, inda Marcel Mauss ya tantance takardun mutum kusan 26,000. Durkheim bai musanta cewa wani kan kwaikwayi wani ba. Hujjarsa ita ce wanda kwaikwayo ya ja da ma yana bakin rami, zai faɗa ko yau ko gobe, saboda haka adadin ƙasa baki ɗaya ba ya canzawa, kuma abin da ke motsa wannan adadi shi ne ƙarfin zumunci ko rauninsa, da addini, da aure, da rikicin tattalin arziki. Ya duba taswirar Faransa bai ga mutuwar tana bazuwa daga wata cibiya kamar yadda annoba ke yi ba.

Durkheim ya yi nasara a zamaninsa, kuma girman sunansa ya rufe ƙofar binciken fiye da shekara 70. Amma adalci ya wajabta a tuna cewa a cikin wannan babi ya yarda da abu guda: da yake magana kan masu neman a hana jaridu buga irin wannan labari, ya ce haɗarin ya fi rataya ga salon da ake ba da labarin bisa ga ambatonsa kawai. A kan wannan gaɓa bincike na baya ya gaskata shi fiye da yadda shi kansa ya yi zato.

Wanda ya sake buɗe ƙofar shi ne David Phillips, masanin zamantakewa ɗan Amurka, a wata maƙala ta 1974, kuma shi ne ya raɗa wa al'amarin suna tasirin Werther. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya tattara labaran hallaka kai da suka fito a shafin farko na manyan jaridu tsakanin 1947 da 1968, sannan ya kwatanta adadin mutuwar watan da labarin ya fito da na watan a shekarar da ta gabata da wadda ta biyo. Cikin labarai 33, adadin ya tashi bayan 26. Bayan rasuwar ƴar wasan fim Marilyn Monroe a watan Agusta na 1962, ƙarin ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari a Amurka. Yawan kwanakin da labari ya yi a shafin farko shi ne yawan ƙarin, kuma yankin da aka fi yayata labarin shi ya fi shan wahala. Abin da ya fi karya hujjar Durkheim shi ne Phillips bai ga adadin ya faɗi a watannin da suka biyo ba. Da waɗanda suka mutu mutane ne da kawai aka gaggauta wa ajali da ƴan makonni, da an ga giɓi daga baya. Ba a gani ba.

Misalin da ya fi dacewa malamai su yi wa dogon tunani ya zo ne daga Jamus ta Yamma. A 1981 tashar talabijin ta ZDF ta nuna wani shiri mai kashi shida kan mutuwar wani ɗalibi ɗan shekara 19, kowane kashi yana duban al'amarin ta idon wani: iyaye, malamai, abokai, budurwa. Niyyar masu shirin ta alheri ce, faɗakarwa suke nufi. Amma kowane kashi yana buɗewa da hoton mutuwar. Masu bincike biyu, Schmidtke da Häfner, suka nuna a 1988 cewa cikin kwanaki 70 na lokacin nuna shirin da bayansa, mutuwa ta irin wannan hanya tsakanin samari ƴan shekara 15 zuwa 19 ta ƙaru da kashi 175 cikin ɗari. Da aka maimaita shirin a 1982 sai aka sake ganin ƙari, ko da yake bai kai na farko ba. Waɗanda suka fi kama da jarumin a shekaru da jinsi su ne abin ya fi ci.

Sai kuma Biyana, babban birnin Ostiriya, inda aka gwada abin ta ɗaya fuskar. Bayan buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin a 1978, mace-mace a tashoshinsa suka riƙa ƙaruwa, musamman daga 1984, jaridu kuma suna buga kowane ɗaya da manyan baƙaƙe. Likitocin ƙungiyar rigakafin hallaka kai, cikinsu har da Gernot Sonneck da Elmar Etzersdorfer, ba su nemi gwamnati ta kafa doka ba. Sun tsara ƴan shawarwari, suka zauna da editoci a tsakiyar 1987, suka roƙe su su sauke labarin daga shafin farko, su daina bayyana hanya da wuri, su daina buga hoto, su daina rataya mutuwa ga dalili guda. Editocin suka yarda. Daga rabin farko na shekarar zuwa rabi na biyu, mutuwa da yunƙuri a tashoshin suka ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma suka zauna ƙasa shekaru da dama. Daga wannan gwaji ne jagororin ƴan jarida na ƙasashe da yawa suka samo asali, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata a 2000, ta sabunta shi a 2008 da 2017 da 2023. Wani nazari na 2020 da ya haɗa bincike masu yawa ya ƙiyasta ƙarin kashi 13 cikin ɗari a wata ɗaya zuwa biyu bayan yayata mutuwar shahararren mutum, da ƙarin kusan kashi 30 na mutuwa ta hanyar da labarin ya ambata.

Kada a fahimci wannan a karkace. Labari ba ya kashe mai lafiyayyar zuciya. Wanda yake cikin haɗari shi ne wanda da ma baƙin ciki mai tsanani, ko bashi, ko abin kunya, ko shaye-shaye ya riga ya tura shi gefe, yana kai-kawo tsakanin son rayuwa da son hutawa daga azaba. Likitoci sun lura cewa wannan matsanancin hali sau da yawa gajere ne, na sa'o'i ko kwanaki, wanda ya tsallake shi kuma galibi yakan rayu. A cikin wannan ɗan taƙi labari ke yin aikinsa. Yana nuna masa wani mai kama da shi, yana ba shi hanya a sarari, yana gaya masa cewa faɗuwa jarrabawa ko rabuwa da masoyi dalili ne isasshe, sannan yana nuna masa jama'a suna kuka suna yabon mamacin, wato irin kulawar da shi bai taɓa samu ba yana raye.

Mu dawo gida. Harshen Hausa da kansa yana kaffa-kaffa da wannan al'amari. In ka ce kisan kai, Bahaushe zai fahimci wani ya kashe wani. Sai ka yi jimla, ka ce ya kashe kansa ko ya hallaka kansa, kafin a gane nufinka. (Faransanci ma bai daɗe da samun kalma guda ba, sai a 1762 ta shiga ƙamus ɗin majalisar harshen.) A garuruwan Adar da Gobir, daga Galma Kudawace zuwa Buza da Keita, in irin wannan ya faru ba a shelanta shi. A sanarwar rasuwa cewa ake yi Allah ya yi wa wane rasuwa, masu gaisuwa su zo su tafi, wanda ya sani ya kama bakinsa. Addini ya haramta aikin haramci mai tsanani, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Amma duba yadda fiƙihu ya bi da abin da ke biyo baya. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai sallaci gawar wani da ya hallaka kansa ba, malamai kuma suka fahimci wannan a matsayin tsawatarwa ga rayayyu. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, ana yi wa irin wannan mamaci wanka da salla kamar sauran Musulmi, manyan mutane ne kawai ake so su janye. Ba a wulaƙanta gawa, ba a kuma ɗaukaka aikin. In aka cire bambancin harshe, wannan bai yi nisa da abin da likitocin Biyana suka roƙi editoci ba.

Sai dai rufin asiri yana da nasa tsada, kuma rashin gaskiya ne a yabe shi a tsaya nan. Shirun da ke kare maƙwabci daga kwaikwayo shi ne kuma yake hana mai ciwo buɗe baki. Wanda damuwa ta kwantar ana cewa iskoki ne, ko raunin imani, ko lalaci. Muna yawan cewa wannan ciwon Turawa ne, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya sanya Afirka a gaba da kowane yanki, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, duniya baki ɗaya kuwa 9. Ƙiyasi ne, domin a ƙasashenmu mafi yawan mace-mace ba a rubuta sanadinsu. A Najeriya dokokin da aka gada daga Ingila sun mayar da yunƙurin laifi, sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, wanda ke sa dangi su ɓoye wanda ya tsira maimakon su kai shi asibiti. Gana ta soke irin wannan doka a 2023.

Kafofin labaran zamani sun shigo ƙasar Hausa suka tarar da wannan kunya, kuma shekaru da yawa sun mutunta ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, rediyon Nijar a 1958, ƙungiyoyin masu sauraron rediyo kuma suka kafu a 1962. Duk waɗannan suna da edita, wato mutum guda da zai iya cewa wannan ba za a faɗa ba, ko ba za a faɗe shi haka ba. Inda muhawarar Laifzig ta sake ɓullowa da Hausa shi ne a littattafan soyayya na Kano. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, na 1991, wanda ya ƙetaro iyaka aka karanta shi a Maraɗi da Ƙonni da Madawa, yana da jaruma Sumayya wadda ta yi yunƙurin hallaka kanta saboda an nemi raba ta da wanda take so, amma ta tsira. A shekarun 1990 masana suka yi ta fafatawa a jaridu kan irin waɗannan littattafai, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa, iyaye da yawa kuma suna zargin cewa littattafan ne ke koya wa ƴan mata tawaye. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

A ganina ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Marubutan ba su ƙirƙiri auren dole ba. Barazanar rijiya ta girmi injin ɗab'i a ƙasar nan, kuma a Nijar, inda binciken 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18, wanda ya ƙona littafi ya bar abin da ya haifi littafin bai yi komai ba. Haramcin Laifzig ma bai rage wa Werther kasuwa ba. Amma masu sukar suna da abin faɗa wanda su kansu ba su iya tsara shi ba: labarin da yunƙurin mutuwa ke zama mabuɗin da ke tausasa zuciyar iyaye, a ƙarshe a ɗaura auren da ake so, yana koya wa yarinyar da ke cikin ƙunci cewa wannan hanya tana biya. A littafi marubuci ne ke yanke wa jaruma ko za ta tsira. A zahiri babu wanda ke riƙe da alƙalamin.

Cewa tasirin Werther bai tsaya ga Turai ba, shekarar 2011 ta tabbatar. A ranar 17 ga Disamba 2010 Mohamed Bouazizi, mai tallar kayan marmari a Sidi Buzid ta Tunisiya, ya yi abin da ya yi a gaban ofishin gwamna, ya rasu a farkon Janairu, kwana goma bayan haka gwamnatin Ben Ali ta faɗi. Tashoshin tauraron ɗan'adam suka mayar da shi gwarzo. Cikin makonni aka ga masu kwaikwayonsa a Aljeriya da Masar da Nuwakshot da Dakar, duk ƙasashen da Musulmi suka fi yawa, kuma likitocin Tunis sun rubuta cewa mutuwa ta wannan hanya ta ƙaru ƙwarai a shekarun da suka biyo. Ƙorafin Bouazizi gaskiya ne. Waɗanda suka biyo shi ba su kayar da kowace gwamnati ba, sunayensu ma ba a riƙe ba.

Mafi kusa da mu shi ne abin da ya faru a Najeriya a 2019. Aka yi ta samun labaran matasa, da yawansu ɗaliban jami'a, da suka mutu ta hanyar wani maganin ƙwari da ake sayarwa a kowace kasuwa. Jaridu da shafukan intanet suka riƙa sanya sunan maganin a kanun labari, tare da hoton kwalbar, wani lokaci har da saƙon ban kwana na mamacin kalma bayan kalma. Sunan ya shiga ba'ar matasa, ya zama abin da ake jefa wa aboki in ya ce ya gaji da duniya. Da gangan na ƙi rubuta shi a nan. A wannan shekara hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a kwarin Tarka da na Majiya da fadamun albasa na Galmi magungunan feshi suna cikin gidaje, wasu daga kasuwannin tsallaken iyaka suke zuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na masu hallaka kansu a duniya ta wannan hanya suke tafiya. Siri Lanka, da ta haramta mafi dafin waɗannan magunguna, ta ga adadinta ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba.

Abin da ya sauya komai shi ne salula. Editocin Biyana ƴan kaɗan ne, ana iya tara su a ɗaki guda a shawo kansu. Yau a ƙauyen da jarida ba ta taɓa isa ba, kowane mai waya edita ne. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, rashin iya karatu ya daina zama shinge. Ƴan ci-rani na Adar da ke Legas da Abijan da Libiya suna da zaurukan garinsu a waya, abin da ya faru da hantsi a wata unguwa ta Madawa kafin azahar ya zagaya ƙasa uku ya dawo, da hoto, da suna, da dalilin da wani ya ƙaga. Mai turawa yakan rufe da addu'a, yana ganin ya yi aikin lada. Bai san cikin mutum ɗari biyu da ke zauren wane ne ya kwana bai runtsa ba. Gidajen rediyon al'umma, waɗanda suka fara daga Bankilare a 1999 suka kuma haura ɗari, su ne suka rage da edita a kusa da mu, yawancin ma'aikatansu kuma masu sa kai ne, da yawansu ma malaman makaranta. Su ya kamata jagoran Hukumar Lafiya ya fara isa gare su, da Hausa.

Binciken bai tsaya ga gargaɗi ba. A 2010 Thomas Niederkrotenthaler da abokan aikinsa a Biyana suka nazarci ɗaruruwan labaran jaridun Ostiriya, suka ga akwai nau'i guda da adadin mutuwa ke raguwa bayansa: labarin wanda ya shiga matsanancin hali, ya yi tunanin mutuwa, ya samu taimako, ya fita. Suka kira shi tasirin Papageno, sunan wani mai kamun tsuntsaye a wasan waƙe na Mozart na 1791, wanda ya fid da rai da samun masoyiyarsa, yana gab da hallaka kansa sai wasu yara uku suka tsayar da shi suka tuna masa da wata mafita. A 2017 mawaƙin Amurka Logic ya fitar da waƙar da sunanta lambar wayar neman agaji ce, wani nazari na 2021 kuma ya nuna kiran lambar ya ƙaru, mutuwa ta ragu da kusan mutum 245 a lokutan da waƙar ta fi tashe. A wannan shekara ta 2017 kuma shirin 13 Reasons Why na Netflix ya bi tsohuwar hanyar ZDF, har kamfanin ya cire hoton mutuwar a 2019.

Ga ƙungiyoyinmu na al'adu, waɗanda suka gaji wasan kwaikwayon samariya, wannan aiki ne da ke hannunsu. Wasan auren dole ba sai ya ƙare da gawa kafin ya girgiza iyaye ba. Yana iya ƙarewa da gwaggo ko liman ko malama da ta ji kukan yarinya ta shiga tsakani, domin haka abin yake ƙarewa a gidaje da yawa, ba a dai ba da labarinsu ne. Mu malamai kuwa manhaja ta riga ta ɗora mana batun. Wanda ke koyar da littafin Chinua Achebe na 1958 dole ya kai ɗalibai ga ƙarshen Okonkwo, kuma Achebe bai ƙawata shi ba: jarumin da ya rayu don suna ya ƙare a matsayin wanda danginsa ba za su taɓa gawarsa ba, jami'in mulkin mallaka kuma yana lissafin ƴan layukan da zai ba shi a littafinsa. Ana iya tsayawa a nan a tambayi aji a wace gaɓa ce wani zai iya riƙe hannun mutumin nan.

Ranar da abin ya auku a gari ko a makaranta ita ce mafi wuya. Ba a tara ɗalibai a fili a yi dogon yabo, ba a bayyana yadda aka yi, ba a ce saboda jarrabawa ne ko saboda wance. Ana faɗar rasuwar a taƙaice aji aji, a roƙi ɗalibai su goge hotuna, sannan a sa ido kan aminan mamacin da duk wanda ya yi shiru fiye da ɗabi'arsa. Bincike ya nuna cewa tambayar mutum kai tsaye, cikin sirri da natsuwa, ko yana tunanin hallaka kansa ba ta dasa masa tunanin. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da magungunan feshi da makamantansu daga inda zai kai hannu, a sanar da babba cikin danginsa wanda ya yarda da shi, a raka shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar. Daga can ake tura shi asibitin gunduma a Madawa ko Buza ko Keita, in hali ya tsananta zuwa babban asibitin Tawa ko sashen masu taɓin hankali na asibitin ƙasa da ke Yamai.